Maganin Shanu a Bayan Kyanwar Gwaggo

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Maganin Dabbobi na yankin Gaya da Ajingi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da kasuwa, da jama'ar da Allah ya ɗora masa jagorancinsu. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sunana Malam Sabi'u, daga Toranke. Na yi koyarwa a firamare har na ajiye alli, yanzu gyaɗa da gero nake nomawa a gonar gado. Ban taɓa rubuta wa wani babba wasiƙa a bainar jama'a ba, kuma da an saurare ni a asirce da ba a kai ga wannan ba. Sau biyu ina zuwa ofishinku. Zuwan farko aka ce kun tafi ɗaurin aure. Zuwa na biyu aka ba ni benci da ruwan sanyi, aka ce in yi haƙuri, ai kyanwa ce. To, a kan kyanwar nake rubutu. Mai dariya ya yi ta ishe shi, in ya gama sai ya karanta.

Kyanwar ba tawa ba ce, ta Gwaggo ce, yayar mahaifina, wadda ta raine ni tun ban san hannun dama ba. Idonta ya daɗe da tafiya. Ranar wata ƙaramar salla aka kawo mata 'yar kyanwa, ta sa mata suna Tasalla, kuma tun daga nan ba a ganin ɗaya babu ɗaya. A ɗakin Gwaggo nake ajiye irin gyaɗata, domin ɓera bai taɓa yin kwana biyu a ciki ba. Amma ba don ɓera Gwaggo take sonta ba. Tsohuwar da ba ta gani, yininta yana da tsawo. Mu muna gona, mata suna aiki, yara suna makaranta, Tasalla ce kaɗai ke zama da ita, ita take yi wa faɗa, ita take ba labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Bara Tasalla ta haifi 'ya'ya uku, aka ba da biyu, aka bar ɗaya mace da Gwaggo ke kira Auta.

Da damina ta yi nisa ƙuma ta kama su, uwa da 'ya. Suna susa, Gwaggo tana susa. Wata safiya da na shiga gaishe ta sai ta ce, "Sabi'u, ka nemo wa yarinyar nan magani, ba ta barci ba na barci." Wannan aiken ne ya kai ni hannun mutanenku.

Ban tafi da ka ba, Alhaji, sai da na yi tunani. Wurare uku na sani. Akwai mutumin da ke zagaya ƙauyukanmu a babur da jaka yana yi wa awaki allura. Akwai wani shago a Gaya da na saba gani in na je. Akwai kuma wani a Ajingi, kusa da inda motocin Kano ke lodi, wanda ba zan faɗi sunansa ba domin kun san shi. Na ajiye mai babur saboda sirinji ɗaya na taɓa gani a jakarsa. Na ajiye Gaya saboda nisa. Na zaɓi na Ajingi bisa dalili biyu: ya taɓa ba ni maganin tsutsa ragona ya murmure, sannan a allon shagonsa, bayan saniya da rago da kaza, an zana kyanwa a ƙasa tana zaune. Na ce a raina, wanda ya sa kyanwa a allonsa ai ya san kyanwa.

Zan faɗi laifina kafin in faɗi na wani. Ban kai Tasalla ba. A wajenmu ba a kai dabba shagon magani, kwatance ake yi. Ka ce tana tari, ko ta ƙi kiwo, ko kashinta ya yi ruwa, a ƙulla maka magani ka koma. Haka ubana ya yi, haka na tarar. Ban da haka ma, ku dubi dattijo kamata, wanda rabin 'yan kasuwar ya koya musu baƙi, ya ratsa kasuwar Ajingi ranar da take ci da kyanwa a kwando. Kunya ta hana ni. Wannan nawa ne, na ɗauka.

Na tarar da shagon cike, ana ta kiran mai shi Dakta, yana sanye da farar riga. Na jira mutane suka ragu sannan na rage murya na ce kyanwa ce ƙuma ta dama. Bai tambaye ni shekarunta ba, bai tambayi girmanta ba. Cewa ya yi, "Kyanwa? Ai ɗan akuya ne ƙarami, Malam." Ya jawo wani galan daga ƙarƙashin kantar shagon, irin maganin kaska da ake zuba wa shanu a gadon baya, ya tsiyaya mini a tsohuwar kwalbar maganin tari. Ya ce akuya murfi ɗaya, kyanwa rabin murfi, in zuba daga ƙeya zuwa gindin wutsiya. Na ce masa kyanwa fa tana lasar jikinta. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ku kun san alli, mu mun san wannan." Da ɗalibina ne ya ba ni irin wannan amsar a aji da sai ya sake ta, amma farar riga ta rufe mini baki.

Washegari da hantsi na kama Tasalla na zuba mata da hannuna. Na nemi Auta ban gan ta ba, ashe ta haye kan rumbu, na ce bari sai ta sauko. Kafin azahar Tasalla ta fara karkarwa, yawu yana dalala, kunnuwanta suna rawa. Ta tashi za ta je wajen Gwaggo ƙafafunta suka ƙi. Na buga wa mai shago waya, ya ce in ɗura mata manja, zai wuce. Na ɗura, bai wuce ba. Na sake bugawa, wayar tana shiga ba a ɗauka. Sai a lokacin na tuna da wata tsohuwar ɗalibata da ta karanci likitancin dabbobi take aiki a Kano. Da na kwatanta mata galan ɗin sai ta yi salati, ta ce in yi maza in wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗumi, domin irin wannan maganin guba ne ga kyanwa ko da ba ta lasa ba, ta fata yake shiga. Na wanke ta sau biyu. Ana kiran la'asar ta mutu a cikin tsohon zanen da na naɗe ta.

Na binne ta a bayan garka. Na shiga na ce wa Gwaggo ciwo ne ya taso mata farat ɗaya, ajali ya yi. Ban faɗa mata gaskiya ba, kuma ban san yadda zan faɗa ba.

Tun daga ranar na zama mai yawan leƙe-leƙe. Na koma shagon sau uku, na zauna a bencin mai shayin da ke kallonsa, na yi tambayoyi a wasu wurare. Ga abin da na gani. Inda zato ne zan ce zato ne, ku ne za ku warware mini.

Na farko, farar rigar nan a ƙusa take rataye bayan ƙofa. Duk wanda ya buɗe shago shi ke sa ta. A zuwana uku na ga mutum uku a cikinta, ɗaya har hannun rigar ya rufe masa yatsu, kuma kowannensu Dakta ake ce masa, ya amsa. Ina tambaya, Alhaji: rigar ce ta yi karatun ko su?

Na biyu, akwai takardar shaida a bango cikin gilashi, an kafa ta can sama kusa da silin, inda sai mutum ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Ni kuwa karatu ne sana'ata. Na tsaya na karanta, kuma sunan da ke jiki ba na ko ɗaya daga cikin ukun ba ne. Na tambaya, aka ce mai takardar yana Kano, yana zuwa. Na tambayi mai shayi, wanda ya riga shagon zuwa wurin, ya ce shi bai taɓa ganin wani mai wannan suna ba. Ban ce takardar jabu ce ba. Abin da nake zato shi ne tana da mai ita, ya ba da aronta, yana can yana harkarsa, bango yana yi masa aiki. In ba haka ba ne, ku kawo shi ranar kasuwa mu gaisa.

Na uku, galan ɗin. Ranar da aka tsiyaya mini, takardar jikinsa tana nan, sai dai an juya ta tana kallon bango. Da na koma bayan mutuwar Tasalla na ce a nuna mini in karanta, aka ɗauko shi tsirara, an ɓare takardar, danƙon wurin ko ƙura bai ɗauka ba. Mai shago ya ce haka yake zuwa daga kamfani. Wane kamfani ne ke sayar da guba babu suna? Kuma ba ni kaɗai ake tsiyaya wa ba. Ina zaune na ga ana ƙulla wa mutane a leda, a robar lemo, a kwalbar turare. A gidajenmu irin waɗannan kwalabe a saman taga ake ajiye su, kusa da maganin yara.

Na huɗu gajere ne. Akwai firji a shagon, an ce na allurar rigakafi ne. Na ga an buɗe shi, zoɓo ne a sama, allurai a ƙasa, kuma babu wuta tun safe.

Na biyar, kyanwar allo. Na nemi mai fentin da ya zana shi, na same shi a Gaya. Na tambaye shi ko mai shagon ne ya ce a sa kyanwa. Ya yi dariya ya ce a'a, wuri ne ya rage a ƙasa, shi kuma ba ya son barin fili, wani lokaci ya sa zomo, wani lokaci kyanwa. Wato abin da na dogara da shi na zaɓi wurin da zan kai ran dabbar Gwaggo, cikon fili ne. Na daɗe ban ji kaina wawa kamar ranar ba.

Na shida, na yi gwaji, kuma ba na neman afuwa a kansa. Na ɗauki tambaya ɗaya, kyanwa ce da ƙuma, me zan ba ta, na kai wa sauran biyun da na ajiye da farko. Mai babur ya ce allura zai yi mata, irin ta tumaki, ya rage kaɗan. Na shagon Gaya, wani dattijo da ba shi da farar riga ko allo mai zane, ya dube ni ya ce, "Gaskiya ban sani ba. Ni shanu da awaki na sani, kar in cuce ka." Alhaji, a duk yawon nan da na yi, wannan ce magana mafi tsada da na ji. Allah ya saka masa da alheri. Amma ku lura: mutum uku 'yan ƙungiya ɗaya, tambaya ɗaya, biyu sun ba da amsar da za ta kashe, ɗaya ya ce bai sani ba. Babu wanda ya ce ga wurin da za ka je.

Na bakwai shi ne ya sa na ɗauki biro. Bayan zuwana ofishinku na biyu, wani mutum ya zo Toranke ya ce ku kuka turo shi bincike. Na shimfiɗa masa tabarma, aka dama masa fura. Bai tambayi yadda kyanwar ta mutu ba, bai tambayi ƙarfe nawa ba, bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Abu ɗaya yake ta kewaya: ina sauran maganin, in ba shi ya kai a duba. Ya tambaya sau uku cikin siga uku. Jikina ya ba ni, na ce na manta inda na ajiye. Bayan tafiyarsa na bincika, ashe ƙanwar mai shagon yake aure. Ko ku kuka turo shi, ko ya turo kansa da sunanku, kowanne ne ya kamata ku sani. Kwalbar tana nan, na kulle ta inda yaro ba zai kai ba. Zan miƙa ta a gaban shaidu, ga wanda zai rubuta mini cewa ya karɓa.

Na san abin da ake faɗa a bayana. An ce Malam Sabi'u ya rasa aikin yi tun da ya yi ritaya, yana so ya tashi shagon mai iyali saboda kyanwa. Ba na son a rufe shagon kowa, ba na kuma neman diyya. Me za a ba ni in kai wa Gwaggo? Mutumin nan ya san tsutsar rago, na shaida. Abin da bai sani ba ne ya ƙi cewa bai sani ba. Yau kyanwa ce. Wanda ke auna kyanwa da ɗan akuya, gobe zai auna karen gadin wani da maraƙi, ko ya ba mai tantabaru abin da ake ba jimina, kuma duk za a ce ajali ne, domin mu mutane ne masu saurin cewa ajali.

Ga halin da nake ciki yanzu, kuma shi ne ainihin abin da ya dame ni. Auta tana raye ne kawai saboda ta hau rumbu ranar nan. Ƙumar ba ta sake ta ba. Ta rame, dasashinta ya yi fari, ta rage wasa. Kullum da hantsi ina taje ta da ƙaramin mataji ina tsince su ɗaya-ɗaya, na kuma wanke shimfiɗar ɗakin na shanya, kamar yadda ɗalibata ta ce. Amma ta ce wannan ba zai wadatar ba, sai wanda ya sani ya gan ta da ido, ita kuma ba za ta rubuta magani ta waya ga dabbar da ba ta gani ba. Kunyar kwando ta fita daga kaina, zan iya shiga motar Kano da ita gobe. Sai dai Gwaggo ta ce Auta ba za ta fita daga ɗakin nan ba, kuma ba ni da bakin yi mata musu. Ita kaɗai ta rage mata. Ƙananan hukumomi biyu, shaguna a kowace kasuwa, a ce babu mutum ɗaya da zan kira in kwantar da hankalina?

Don haka ina roƙon Alhaji waɗannan abubuwa.

Ku rubuta, ku manna a ƙofar ofishinku da kowane shago, wane ne likitan dabbobi na gaske, wane ne malamin dabbobi da ya yi kwas, wane ne mai sayarwa kawai. Babu abin kunya a cikin sayarwa, amma mu san wanda muke magana da shi. Ku sauko da takardun bango daidai ido, kuma mai takarda ya riƙa zama inda takardarsa take. Ku hana tsiyaya magani a kwalbar da ba ta da suna. In dole ne, a rubuta sunan da dabbar da aka yi shi dominta. Ku koya wa 'yan ƙungiyarku kalmomin dattijon Gaya, ba su da wuyar furtawa. Ku faɗa mini a rubuce ko ku kuka aiko mutumin da ya sha furata. Sannan roƙo na ƙarshe, wanda ya fi sauran gaggawa: ku ba ni sunan mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda ya karanci kyanwa a makaranta, wanda za ku iya dafa ƙirji a kansa. Zan je in ɗauko shi da kaina duk inda yake.

Saura abu ɗaya. Da na gama rubuta wasiƙar nan na tuna cewa in ta fita, wani zai karanta wa matarsa, matarsa ta zo barka ko gaisuwa gidanmu, maganar ta isa kunnen Gwaggo daga bakin da ba nawa ba. Don haka jiya bayan azahar na shiga ɗakinta na zauna, na karanta mata tun daga sama, har wurin da na ce da hannuna na zuba, har wurin da na ce na yi mata ƙarya. Tana zaune da Auta a cinya, ba ta katse ni ba.

Da na kai aya sai ta ce, "Ai na sani, Sabi'u. Da ka shigo kana cewa ajali, warin garken shanu nake ji a hannunka." Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba duk kwanakin nan. Ta ce, "Me zan ce maka? Ni na aike ka."

Sai a nan na lura da abin da ya wuce ni. Matar da ba ta yini ba ta aike ni goro ko man zafi ba, tun ranar nan ba ta sake aikena ko'ina ba. Ni ina ɗauke da laifin a matsayin nawa, ashe ita ma tana zaune cikin duhunta tana ɗauke da shi a matsayin nata, mai shago kuwa yana can yana amsa Dakta. Wannan ne ban yafe ba tukuna, kuma ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa.

Gwaggo ta ce in ƙara muku saƙo ɗaya, ga shi yadda ta faɗa: "Ka gaya wa Alhajin, in ya samo likitan, ya shigo nan ya faɗi sunan maganin da bakinsa in ji, ya kuma ba ni in shinshina. In ba haka ba, a bar mini ita da ƙumarta."

Allah ya ba Alhaji ikon yin adalci ko da a kan na kusa da shi ne, ya tsare masa dukiyarsa da dabbobinsa daga hannun wanda bai sani ba, ya sa kada ya taɓa cutar da abin da yake so da hannunsa. Ina jiran amsa, Auta kuma ba ta da kwanaki masu yawa na jira.

Wassalam.

Naku,
Malam Sabi'u,
Toranke.